Malama Mai Kwando Ta Koma Aji

Matata malamar Turanci ce a firamare, ni kuwa kafinta ne. Duk wanda ya ce wannan haɗin bai yi ba, ya zo gidanmu ya ga kujerar da take zama a kai tana duba aikin yara. Ni na ƙera ta, kuma har yau ko ƙara ba ta taɓa yi ba. Turancina bai wuce na gaisuwa ba, amma na zauna da matar nan shekarun da suka isa in ba da labarinta ba tare da na tambayi kowa ba.

Sanadin haɗuwarmu ma aikin nata ne. Ina shago wata safiya ina yanka katako, sai ga wata budurwa doguwa da kwando a hannu ta yi sallama. Na ɗauka tebur take so, har na fara gyara murya. Sai ta ce in sam mata 'yan ƙusoshi, da garin katakon da ke zube a ƙasa.

"Garin katako kuma? Me za ki yi da shara?"

"Darasi zan koyar da ita."

Na ajiye zarto, don na ga abin ya fi aikin da nake yi daɗi. Ta ce ai Turanci ya raba sunayen abubuwa gida biyu. Akwai waɗanda ake ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, kamar ƙusa. Akwai waɗanda ba a ƙirgawa sai dai a auna ko a zuba a wani abu, kamar garin katako. Kowane gida da kalmomin da ke tafiya da shi, in yaro ya ɗauki ta wannan ya liƙa wa wancan, ya yi ɓaranɓarama. Na ce to ai mu ma haka muke, ban taɓa jin wanda ya shiga kanti ya ce a ba shi gishiri uku ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe kana da kai." Wannan shi ne yabo na farko da ta yi min, ban kuma sake samun wani ba sai bayan aure.

Kwandon nan shi ya zama sunanta. A makarantar har iyayen yara Malama Mai Kwando suke ce mata. Ba ta yarda da a cika allo da rubutu a bar yara suna kwafa suna hamma ba. Ranar wannan darasin takan ja layi da alli a tsakiyar teburinta. Gefe ɗaya ta jera cokula, maɓallai, ƙusoshi da dafaffen ƙwai. Ɗaya gefen ta ajiye kofin ruwa, sukari, gishiri, shinkafa da yashi. Sai ta kira yaro ta ɗora masa abu a tafin hannu. "In za ka iya ɗaga guda ɗaya na bayan aji ya gani, ƙirga shi," haka take cewa. "In ya zube ta tsakanin yatsunka, nemo masa kofi ko buhu, ka ƙirga kofin." Ni da ban shiga ajin ba ma na riƙe kalmomin Turanci biyu don yawan ji a gida: meni ta ƙusa ce, moc ta garin katako.

Wata shekara aka sami wata yarinya mai taurin kai ta kafe a kan ana ƙirga shinkafa. Malama ba ta yi musu da ita ba. Ta zuba mata cikin tafi a kan benci ta ce bismillah. Aka fita hutun cin abinci aka dawo, yarinya na nan tana ƙirge tana share gumi. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk inda ta gan ni sai ta ba ni wannan labarin kamar ban san shi ba.

Mu a gida mu muke biyan kuɗin darasin da jikinmu. In tashi da safe zan sha shayi in nemi sukari, a ce ya tafi makaranta. Cokulan gidanmu sun fi ni ilimi, don babu wanda bai yi aji huɗu ba a cikinsu.

Abu na biyu da aka san ta da shi shi ne baki. Malama tana alfahari da yadda take furta Turanci, kuma ba alfaharin banza ba ne. In za ta koyar da sabuwar kalma sai ta matso gaban aji, ta nuna laɓɓanta da yatsa ta ce, "Ku kalli bakina." Ta faɗa a hankali, su kalli inda harshe ya je, inda haƙori ya taɓa, sannan su maimaita gaba ɗaya. Ba ta wucewa sai na can ƙurya ya faɗa daidai. Malaman sakandare sun sha gaya mata cewa daga buɗe baki suke gane yaron da ya bi ta hannunta. In ta dawo gida da irin wannan labarin, ranar kowa zai ci abinci da nama.

Ba ta da sauƙi, kada in yi muku ƙarya. Ba ta ɗaukar raini, ba ta iya rarrashi ba, kuma in ta ga malami yana wasa da aiki sai ta gaya masa a gaban idonsa. Wasu a ɗakin malamai in sun hango kwandon sai kowa ya kama kansa. Amma yaran da take wa faɗa su ne ke rige-rigen ɗaukar mata jaka.

Saura 'yan shekaru ta yi ritaya abin ya same ta. Da safe ne, tana ɗaura ɗankwali za ta fita, sai hannun dama ya ƙi ɗagawa. Ta juyo za ta yi min magana, na ga bakinta ya karkace gefe. A asibiti suka ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ba na jin kunyar faɗa. Ita kuwa da ta farfaɗo, abin da ta fara ƙoƙarin tambaya shi ne wa aka bar wa ajinta.

Ta yi watanni tana jinya. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda. Hannun dama ya dawo rabi, yana riƙe kofi amma ba ya riƙe alli, sai ta zauna da allon da na ƙera mata ta koya wa hagu rubutu, kullum, kamar 'yar aji ɗaya. Magana ma ta dawo. Da farko sai 'yarmu babba ce kawai ke gane abin da take faɗa, daga baya duk muka gane, har faɗan ya dawo yadda yake da. Ranar da ta kira ni malalaci don na bar ƙofar ɗaki tana ƙara, na shiga shago na yi hamdala.

Ajin nata kuwa an ba wata sabuwar malama, yarinya ƙarama mai tabarau da ta gama kwaleji ba da jimawa ba. Ta zo dubiya sau biyu da lemo a leda. Malama ta karɓe ta da fuska ba yabo ba fallasa, tana fita ta ce, "Wannan muryarta ko layin gaba ba ta wucewa. Yaran nan sun mai da ita abin wasa, ka ji na gaya maka." Daga ranar ta sa mata Mai Tabarau.

Da ta ji ƙarfin jikinta, ta sa na raka ta ofishin hedimasta. Mutumin kirki ne, ƙanin bayanta ne a shekaru, Mama yake ce mata. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi jiki, ya tambayi yara, sannan ya fito da abin da ke ransa: ya tanadar mata ɗakin ajiye littattafai. Akwai kujera mai laushi, akwai fanka, ba hayaniya, ta zauna abinta har ritaya.

"Littattafan ne suka ce maka ba su iya Turanci ba?" in ji ta.

"Mama, lafiyarki nake dubawa."

"Likita ya riga ka dubawa. Ajina nake so."

Ya dube ni ko zan sa baki. Ni kuwa na sami wata ƙusa da ta leƙo a ƙafar teburinsa na zuba mata ido. Daga ƙarshe ya ce to ga sharaɗi: ta zo ta koyar da darasi ɗaya, shi zai zauna ya gani. In ya tafi daidai, aji nata ne. In bai tafi ba, ta karɓi ɗakin littattafai ba gardama. Ta ce ta yarda, kuma ya shirya zama a bencin yara, don ba ta koyarwa da babba a kan kujera yana kaɗa ƙafa.

Ba sai na faɗi darasin da ta zaɓa ba. Aka sauko da kwando daga saman kabad aka kakkaɓe. Sukari ya sake ɓata. Ta jera mu a tsakar gida, ni da 'yarmu da maƙwabciya, ta yi mana darasin daga farko har ƙarshe, muna amsawa muna dariya. Ni a raina na gama ba ta ajin.

Ranar, ni na ɗauki kwandon, don hannu ɗaya yana kan sanda. Muna shiga aji yaran suka miƙe da ihu, wasu har da tsalle. Ta buga sandar a ƙasa sau ɗaya, aji ya yi tsit. Na lallaɓa can baya na matse kaina a benci kusa da hedimasta, gwiwoyinmu sun kusa taɓa haɓa. Bencin ma ni na gyara shi bara. Mai Tabarau ta tsaya a bakin ƙofa ta rungume littafinta a ƙirji.

Malama ta ja layinta da hannun hagu, ya fito a miƙe. Ta jera kaya. Ta kira yara ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ɗora masa maɓalli, wannan ta zuba mata yashi. Bayanin da Hausa take yi, a hankali, kuma suna binta. Ruwa ya zube a hannun wani, aji ya kwashe da dariya, ta bar su suka yi mai isarsu sannan ta tambaye su me ya sa ba zai iya ɗaga ɗaya ba. Hannuwa suka tashi ko'ina. Na saci kallon hedimasta na ga yana gyaɗa kai. Na gyara zama, ina jin kamar ni nake koyarwar.

Sai aka zo wajen furuci. Ta matso gaba, ta ɗaga cokula uku, ta nuna laɓɓanta.

"Ku kalli bakina."

Ta faɗi kalmomin Turancin. Aji ya amsa gaba ɗaya, da ƙarfi, da zuciya ɗaya.

Ni ban iya Turanci ba, amma na yi shekaru ina jin wannan darasin, na san yadda amsar take fita. Wannan ba ita ba ce. Kalmomin sun fito da nauyi, sun cuɗe da juna, ƙarshensu ya narke. Daidai yadda ta faɗa suka faɗa, ba su rage komai ba. Wata 'yar ƙarama a layin gaba har ta ja bakinta gefe ɗaya, tana kallon Malama ido cikin ido, tana jiran a yaba mata. Ba tsokana ba ce. An ce su kalli baki, sun kalla.

Malama ta sake faɗa, a hankali, da dukkan ƙarfinta, har jijiyar wuyanta ta tashi. Suka sake mayar mata da shi yadda ta ba su. Yanzu masu karkata bakin sun kai biyar ko shida.

Hedimasta ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na yunƙura zan tashi, ban ma san me zan je in yi ba, sai ta ɗaga min yatsa ɗaya daga can, na koma na zauna. Ta ajiye cokulan a tebur. Ta daɗe tana kallon yarinyar layin gaban.

Sannan ta juya wajen ƙofa.

"'Yata, zo nan."

Mai Tabarau ta waiwaya bayanta ko da wata ake. Ba a taɓa kiran ta da haka daga wannan bakin ba.

"Ke nake kira. Ajiye littafin nan. Tsaya nan kusa da ni, ki ɗaga kai." Ta juyo ga yara. "Daga yanzu ku kalli hannuna, ku kalli bakinta. Kun ji?"

Ta ɗaga cokulan. Mai Tabarau ta faɗi kalmomin, muryar can ƙasa.

"Na bayan aji kurma ne? Ƙara!"

Ta ƙara. Kuma gaskiya ɗaya ce, yarinyar ta iya, kalmomin sun fito tas. Aji ya amsa, wannan karon yadda na saba ji. Malama ta ɗaga sukari, Mai Tabarau ta faɗa, aji ya amsa. Ta ɗaga kofi biyu na ruwa. Ta kasa kunne, ta nuna wani a ƙurya da sanda ta ce shi kaɗai ya sake, don kunnenta lafiyarsa lau, ba abin da ke wuce shi. In yaro ya fara wasa, kallo ɗaya take masa ya nutsu. Haka suka yi har aka buga ƙararrawa, Mai Tabarau ta yi gumi sharkaf, muryarta kuwa ta kai bango.

A ofis, Mai Tabarau na tsaye a gefe, hedimasta ya rasa ta inda zai fara. Ita ta hutar da shi.

"Sharaɗin da muka yi, na faɗi. Ba sai ka wahalar da kanka ba. Bakina ba zai koyar da yaran mutane furuci ba, kuma ba zan yarda su fita da shi ba, ko kai ka yarda."

"Mama, wallahi ni..."

"Ban gama ba. Ajin ka bar wa yarinyar nan, sunanta za a rubuta a ƙofa. Zan karɓi ɗakin littattafanka. Amma duk lokacin Turanci ina ajin nan tare da ita. Tana da baki, ba ta iya riƙe aji ba. Ni na iya riƙe aji. In ka raba mu, ka yi asarar malamai biyu."

Ya ce ba a taɓa yin malami biyu a aji ɗaya ba. Ta ce ba a taɓa zuwa aji da garin katako ba ma kafin ta zo. Ya juya ga Mai Tabarau ya tambaye ta ra'ayinta. Yarinyar ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, tunda na fara aiki yau ne kawai na ji na bayan aji ya amsa min. Don Allah a bar min Mama." Ya ɗaga hannu biyu sama ya ce su je su yi, shi dai kada a ce ya hana.

Muka kamo hanyar gida, ni da kwando, ita da sanda. Ta ƙi mu hau mota. Muka wuce mai gyaran babur, muka wuce kantin magani. Na san abin da ta bari a ofishin nan. Tun tana budurwa sunanta ne a ƙofar wannan ajin, yau ta cire shi da hannunta. Sai da muka kusa kwanar gidanmu ta tsaya tana hutawa, ta jingina da katanga.

"Maigida."

"Na'am."

"Ka ji yadda suka faɗa?"

"Na ji."

"Haka nake magana?"

Na sauya wa kwandon hannu. "Haka."

"A gida ma haka kuke ji na? Duk watannin nan?"

"Mu ai muna ganewa, Malama. Mun daina jin bambancin."

"Ni a kunnena daidai yake fita," in ji ta. Hawaye ya zubo mata ta ido ɗaya, ta bar shi ya sauka har haɓa ba ta share ba. Ban taɓa ganin ta yi kuka a titi ba, ko ranar da aka kwantar da ita ba ta yi ba. Na tsaya a gabanta na kare ta daga masu wucewa, abin da na iya ke nan.

Can ta ja numfashi, ta gyara mayafi, ta daddale sandarta a ƙasa.

"Gobe ka tashe ni da wuri. Yarinyar nan tana juya wa aji baya in za ta yi rubutu, da nan za mu fara."